Shekarar da Gorar Bappa Ta Yi Fure

Bappa, yayan mahaifina, ya rasu a tsakiyar bazarar bana bayan gajeren zazzaɓi. Da hantsi ya cika, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Gidanmu yana bakin mayo ne, wato rafi, a hanyar Mayo Bani, kuma duk mai zuwa gaisuwa dole ya bi ta gefen kurmin gorar da Bappa ya yi fiye da rabin rayuwarsa yana raino. Ban ga wanda ya wuce bai waiwaya ba. Kurmin da aka sani kore shar ya koma fari kamar ƙashi, babu ganye ko ɗaya, in iska ta taso sai sandunan su riƙa gogar juna suna ƙara.

Tsofaffin ɗalibansa ne suka fara cika zaure. Wasunsu har sun yi furfura, amma da an ambaci Malamin Kemistiri sai ka ga sun gyara zama. Ɗaya daga cikinsu, mai shagon magani a cikin gari, ya ce shi har yau in zai zuba wani abu a kwalba sai ya ji kamar Malam na tsaye a bayansa. Aka yi 'yar dariya, nan da nan ta mutu.

Wani tsohon makiyayi ya shigo da sandarsa, ya durƙusa gaban mahaifina ya ce, "Allah hokku munyal," wato Allah Ya ba da haƙuri. Sai ya nuna waje da haɓa. "Mutum da gorarsa sun tafi shekara ɗaya. Ni dai ban ga ƙarshen abin nan ba tukuna."

Liman ya ce masa ya yi shiru, rai da ajali na Allah ne. Ya yi shiru, amma kowa ya riga ya ji.

A cikin gida kuwa mata haushina suke ji. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na ajiye roba da ruwan magani a bakin ƙofa na ce kowa ya wanke hannu in zai shiga, in zai fita. Na ji wata na cewa, "Yau kuma gidan mutuwa ya zama asibiti?" Sai ga wata tsohuwa 'yar ƙabilar Gude, Kirista, tsohuwar maƙwabciyarmu da yanzu take zaune wajen jikokinta a Kwaja. A keke mai ƙafa uku aka kawo ta, aka riƙo ta har ɗaki. Ta rungume Dada, matar Bappa, ta yi ta kuka, aka rasa wa zai ba wa haƙuri. Baba kuwa, mahaifina, ranar nan bai ce komai ba sai amin.

Ina rubuta wannan ne don yaran gidanmu da za su tashi su tarar da bakin mayo ba yadda muka san shi ba. Ina so su san wane ne ya zauna a wurin, da abin da ya ji tsoro.

Bappa ya koyar da kemistiri a makarantar sakandare har ya yi ritaya. Dogo ne, siriri, ba ya son hayaniya, ba ya kuma son a yi abu kafin lokacinsa. Kalmar da ta fi yawa a bakinsa ita ce "tukuna". A kawo masa shayi, ya duba ya ce tukuna. A ce za a girbe gyaɗa, tukuna. Saurayin da ya fara zuwa neman aurena ma abin da ya samu ke nan, har yaran unguwa suka riƙa kiransa Malam Tukuna in ya ba da baya. Ya sani, bai taɓa nuna ya sani ba.

Kurmin gorar nan, kakanmu ma tarar da shi ya yi, amma Bappa ne ya faɗaɗa shi har ya bi gaɓar mayo tun daga bayan gidanmu zuwa mashayar shanu. Kowace damina in sababbin tsiro suka fito, sai ya bi su da gwangwanin fenti ya ɗiga wa kowanne alama, kowace shekara da launinta. Da safe yakan zaga yana ƙwanƙwasa sandunan da bayan yatsa, ya kara kunne. Wanda ya zo neman gora ba ya hana shi, amma shi zai zaɓa.

Wani hutu, ina makarantar koyon jinya, na tambaye shi me ya sa yake hana yankan sabuwar gora alhali ta fi tsofaffin tsawo da kyau. Ya shiga ɗaki ya fito da wasu ƙananan kwalabe guda biyu, ya sare tsiro ɗaya wanda bai gama fitar da ganye ba, ya yanko falle-falle daga gindi, daga tsakiya, da kuma daga can sama. Ya jera su a faranti, ya ɗiga musu ruwan kwalba ta farko, sannan ta biyu. Ina kallo na gindin ya yi ja wur. Na tsakiya ya yi ja a gefe-gefe kawai. Na sama bai canza ba, fari tas.

"Kin ga jan nan?" in ji shi. "Shi ne ƙarfin gora. Sunansa liginin. Gora a damina ɗaya take gama tsawonta, daga nan ba ta ƙara tsawo, ba ta ƙara kauri. Aikin da ya rage duk a ciki yake. Ganye yana dafa sukari da hasken rana. Daga sukarin take ƙera wasu ƙananan abubuwa iri uku, ta tura su cikin bangon ƙwayoyin jikinta. A can suke haɗuwa da wani ruwa, kin san shi, wannan da kuke wanke ciwo da shi yana kumfa. Gora tana yin nata da kanta, kaɗan-kaɗan. Shi ke sa su kama juna, wannan ya kama wancan, ba tsari, har su zama dunƙule ɗaya da ruwa ba ya narkarwa. Zaren gora kamar rodi ne, wannan kuma siminti. Daga gindi yake farawa ya yi sama, daga waje ya yi ciki. Sai ta yi kamar shekara uku bangon yana ƙara cika kafin in yarda a ɗora mata nauyi. Kafin nan ruwa ne da abincin ƙwari."

Dada ta zo wucewa ta leƙa farantin, ta ja da baya. "Malam, na roƙe ka, ka daina sa itace yana jini a gidan nan." Ta ɗauke farantin ta jefa bayan danga, ba ta ƙara cin abinci a cikinsa ba.

Shekarar da 'yan bindiga suka shigo Mubi, duk muka watse. Mu mun bi ta duwatsu, Dada tana tare da mu. Bappa ya ce mu yi gaba zai biyo baya, bai biyo ba. Mun daɗe muna ganin an kashe shi. Abin da ya faru bai taɓa ba mu labarinsa ba, daga bakin tsohuwar nan 'yar Gude muka ji, kuma ranar gaisuwa ma sai da ta sake faɗa, da irin Hausarta.

"Ɗana ya gudu, matan ɗana ya gudu. Ƙafana ba ya tafiya. Ina zaune ina jiran mutuwa, sai Malam ya shigo. Ya ce, Mama, hau. Ya goya ni kamar yaro, ya kai ni cikin gora, can tsakiya inda ko akuya ba ya shiga. Muna jin bindiga, muna jin mota. Abinci ya ƙare. Ya tono jaririn gora, ya dafa, ya zubar da ruwan, ya sake dafawa, ya sake zubarwa. Na ce, Malam, ciyawa za ka ba ni? Ya ce, Mama, ka ci, guban ya fita, kamar rogo mai ɗaci ne. In zai yi salla ya ce mini, ke ma yi naka."

A haka suka zauna har hanya ta buɗe ya goya ta ya fitar da ita. Ɗanta bai dawo ba har yau. Duk shekara Bappa yakan aika mata gora ta gyara rumfarta, mafi kyau a kurmin.

Rigimarsa da Baba bayan mun dawo ta faru. Mun tarar an ƙone rufin sashenmu, haka gidaje da yawa a unguwa. Kwano an ɗan samu, amma katako babu. Maƙwabta suka yi ta zuwa wajen Bappa, ya yi ta zaɓar musu tsofaffin sanduna, kafin Baba ya gama gyaran bango babu sauran gora mai shekaru a kurmin, sai sababbi. Baba ya ɗauki adda.

"Tukuna," in ji Bappa. "Ku dawo sashena ku zauna."

Baba, wanda Hamma yake kiran yayan nasa, ya ce, "Hamma, ka ba bare ka hana ni? Da iyalina zan zo in tare a ɗakinka kamar ɗan gudun hijira? Na gaji da zaman gidan wani."

Ya sare, ya yi rufinsa, muka shiga. Bappa ya ƙyale shi. Amma in ya shigo sashenmu idonsa a sama yake. Shekara ta zagayo, wani farin gari mai laushi, na cin ƙwari, ya fara zubowa daga rufin a kan gadon mahaifiyata. Tana sharewa yana dawowa.

Wata rana Baba ya tafi kasuwar shanu. Sai muka ji ƙarar guduma a saman ɗaki. Bappa ne, shi kaɗai, da shekarunsa, yana ɓalle kwano ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyata tana kuka tana roƙonsa ya jira mai gida, ko kallonta bai yi ba. Kafin Baba ya dawo ɗakin a buɗe yake, kayanmu a rana. Bappa ya ɗauko sanda ɗaya ya taka, ta ruguje, gari ya tashi. Baba ya ɗauko wata ya taka, ba ta karye ba.

"Wannan fa?"

"Wannan ma za ta yi."

"Ka hau kan ɗakin matata ba na nan, Hamma. Ko babanmu bai taɓa yi mini haka ba."

"Gara ka ji haushina da in tono 'ya'yanka."

Bappa ya je can wajen Kwaja ya samo tsohuwar gora, ya mayar da rufin da hannunsa. Amma kafin ya gama ruwan farko ya sauko, ya jiƙa dawar mahaifiyata ta yi tsiro, ya lalata katifu. Bai taɓa ba da haƙuri ba. Shi a ganinsa ba abin ba da haƙuri. Baba kuma har gobe yana cewa rufin nan da bai faɗi ba, kuma ba wanda zai iya cewa ƙarya yake. Daga ranar suka daina cin abinci tare. Suna gaisawa, suna tsayawa sahu ɗaya a masallaci, amma ƙwaryar tuwo ta rabu biyu. Haka Bappa yake. Ba zan ce mai sauƙin zama ba ne.

Ƙarshen daminar bara ne gora ta yi fure. Ni ban taɓa sanin tana yi ba. Wasu dunƙule-dunƙule masu ƙaya suka fito a kowace gaɓa, tsoho da yaro, tun daga bayan gida har mashayar shanu, lokaci ɗaya. Dada ta ce ranar da Bappa ya fara gani zama ya yi a ƙasa, a wurin, har rana ta yi zafi.

Tsofaffin unguwa suka fara magana. Sun ce kakanninsu sun ga haka sau ɗaya, kuma yunwa ta biyo baya. Na ɗauka Bappa zai yi musu dariya. Da na zo gida ranar hutuna na same shi ya rame.

"Gaskiya suka faɗa," in ji shi. "Ba camfi ba ne. Gora sau ɗaya take fure, sai ta mutu, duk gaba ɗaya. Duk abincin da ta tara a jikinta yanzu iri take kai wa. Baɗi ba tsiro. Saiwar da ke riƙe gaɓar nan za ta ruɓe, kuma kin san yadda mayo yake in ya kawo ruwa daga dutse. Amma wannan da sauran lokaci. Iri zai zuba kamar shinkafa. Ɓera zai ci ya hayayyafa. Ranar da iri ya ƙare, ina kike jin za su nufa?"

Ya bi gida-gida yana cewa a ɗaga hatsi sama, a rufe tukwane, a daina shanya gari a ƙasa, a nemi kyanwa. Wasu sun ji, wasu suka ce tsufa ne. Shi kuma ya shiga aikin tara iri, don ya ce irin gora ba ya daɗewa da rai. Kullum yana tsugune a ƙarƙashin kurmin yana kwasa da hannu, Dada tana sheƙe masa a faifai. Ya cika tuluna ya ajiye a ɗakinsa, ya tattara ledojin ruwa ya cika su da ƙasa, ya shuka, ya jera a inuwar mangwaro. Na ga kashin ɓera a cikin irin da yake tsincewa. Na kawo masa safar hannu da abin rufe hanci.

"'Yata, da yatsa nake gane mai ƙwaya da fanko. In na sa wannan ba na ji."

Ɓerayen sun zo kamar yadda ya ce. Da rana tsaka za ka ga suna tsallake hanya, ba gudu. Sun cinye rabin abin da ya shuka, ya sake shukawa. Sun huda rumbuna a unguwa, sun shiga ɗakinsa sun kewaye tulunan.

Da zazzaɓin ya fara an ɗauka na sauro ne, ya sha magani. Bai sauka ba. Maƙogwaro ya kama, ya kasa haɗiye tuwo, sannan ya fara cewa a ɗaga murya ba ya ji. Ranar da na ga jini a dasashinsa sai na fara zargi, don na san abin da ke zuwa da waɗannan alamu. Wani likita, tsohon ɗalibinsa, ya zo har gida ya ɗebi jini ya aika gwaji, ya ce a shirya a kai shi Yola. Bappa ya ce ba inda za shi. Ya ce in ruwa ya sauka ba ya nan, wa zai dasa?

Ranar ce Baba ya shiga ɗakinsa, karo na farko tun rigimar rufi. Ina tsaye bakin ƙofa. Ya zauna a gefen gado, ya yi magana da ƙarfi don a ji shi.

"Hamma, za ka Yola. Ni na ce."

Bappa ya juyo ya dube shi. "Sai ƙasa ta jiƙa sosai," in ji shi. "Kada ka dasa a ruwan farko, yaudara ce. Ka fara daga bayan sashenka, nan gaɓar ta fi ci. Za su fito sirara kamar ciyawa, kada ka raina su. Kada ka bari a yanka. Ba za ka ci amfaninsu ba."

"Na ji."

"Me ka ce?"

"Na ce na ji, Hamma!"

Ya yarda a kai shi. Mota ta iso da hantsi washegari, ta tarar ya riga ya cika.

Da za a yi masa wanka, na tare Baba da liman a ƙofar ɗaki da safar hannu. Na gaya musu abin da nake zargi, na roƙe su a jira ma'aikatan lafiya, ko kuma a ƙalla kada fata ta taɓa fata. Liman ya karɓa ya sa. Baba ya dubi safar, ya dube ni.

"Shekara da shekaru ban sa hannu a ƙwarya ɗaya da shi ba. Yau kuma in taɓa shi da roba?"

Ya shiga ya yi wa ɗan'uwansa wanka da hannunsa.

Sakamakon ya zo bayan sadakar uku. Zazzaɓin Lassa ne, wanda ɓera ke kawowa. Ma'aikata suka zo da fararen kaya suka fesa magani, suka ƙone katifarsa da tulunan irin da suka rage, suka ce duk wanda ya yi jinyarsa ko ya taɓa shi ya zauna gida makonni ana duba zafin jikinsa. Zaure ya zama wayam. Matan da suka ji haushin robar wanke hannu su ne yanzu ke bugo mini waya suna tambaya in ciwon kai yana cikin alamun. Na aika Kwaja a sa ido a kan tsohuwar nan da ta rungume Dada.

Hankalina duk a kan Baba yake. Kowace safiya ina auna shi, yana ɓata rai, ma'aunin yana nuna lafiya lau. Daga nan ya ɗauki bokiti ya tafi inuwar mangwaro ya ba 'yan tsiron ruwa. Hadari ya fara haɗuwa a kan duwatsun gabas, yana haɗuwa yana watsewa. A bayan sashenmu ƙasa ta tsage, tsagar da hannu zai iya shiga.

Jiya da safe, a zafin nan da mutum ba ya iya zama a ɗaki, Dada ta kira ni ta ce in kawo mata bargo. Ta ce ba komai, gajiyar zaman makoki ce. Na auna ta. Na fita na buga waya a turo mota.

Ba ta yi gardama ba. Abin da ta ce kawai, "Ki rufe mini hatsin nan kafin a tafi, 'yata, kada su shiga." Da motar ta zo ta yunƙura za ta tashi, ƙafarta ta ƙi. Baba yana tsaye a tsakar gida. Ya tako har bakin ƙofa, ya tsaya, ya miƙo mini hannu.

"Ba ni safar nan."

Ya sa, muka kama ta muka kai mota. Ba a bar ko ɗayanmu ya bi ta ba. Likitan ya ce maganin yana aiki in an fara da wuri, kuma da wuri aka kai ta. Wannan maganar muke riƙe da ita.

Allah Ya jiƙan Bappa, Ya yafe masa taurin kansa, Ya saka masa da goyon da ya yi wa wadda ba uwarsa ba. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a, don Allah kada ya tashi bai sa Dada a ciki ba.